Tsohuwar Bindiga da Sabon Albarushi

Tunda ka tambaye ni wacce bindiga ta fi ƙarfi, ta da ko ta yanzu, bari in ba ka labarin wanda ya riga ka tambaya, shi har da gwaji. Wani magidanci ne ya gaji ƙaramar bindiga daga kakansa, irin mai ɗakuna shida ɗin nan da ake ɗura wa albarushi da hannu, a danna dalma a kai. Ita kaɗai ta rage daga kayan tsohon, ƙannensa kuma suka bar ta amana a hannunsa, don shi ne babba kuma ana yi masa zaton hankali. Maƙwabcinsa mai aikin tsaro yana da ta zamani, harsashinta bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Da gardamar wacce ta fi ƙarfi ta ƙi ƙarewa a majalisa, sai suka jera katako a bayan gari don a raba ta. Tsohuwar ta yi tsawa, hayaƙi ya rufe mai harbi da 'yan kallo, sai da aka jira iska kafin a ga sakamako: ramin ya ci babban yatsa, amma dalmar ta maƙale a katako na biyu. Ta zamanin ta yi ƙara kamar an karya kara, ta huda har na uku, da ramin da fensir ke toshewa. Rabin jama'a suka ce faɗi ne ƙarfi, rabi suka ce zurfi. Katakon da ya fi kowa sani bai ce komai ba.

Da a nan aka tsaya, da kowa ya koma gida da nasararsa. Amma abin ya tsaya wa magajin a rai. Ya roƙi harsasai kaɗan wurin maƙwabcin, ya ɓare ɗaya, ya ga garin da ke ciki bai cika farce ba. Sai ya ce, in ɗan wannan ya huda katako uku, ai a cika ɗaki guda na bindigar kaka da shi, garu ma sai ya ba da hanya. Maƙwabcin ya ce masa, "Malam, ƙarfen nan don wuta mai tafiya a hankali aka ƙera shi. Wannan garin ba ya sallama." Magajin ya amsa cewa ƙarfen mutanen da ai ba irin na yanzu ba ne, wanda gaskiya ne, sai dai ba ta fuskar da yake nufi ba. Ya dai yi dabara ɗaya: da ya gama ɗura mata sabon garin, ya ɗaure bindigar a kututture, ya ja kunamar da doguwar igiya daga bayan tudu. Ƙarar ta gamsar da kowa. Abin da aka tsinta na bindigar bai cika hularsa ba, a haka ya kai wa ƙannensa. Har yau ba a san wacce ta fi ƙarfi ba, illa dai guda ɗaya ce ta rage a unguwar. Hausawa dama sun ce, garin neman gira a rasa ido.