Jita Biyu a Shagon Illo

Hanifa na sauka daga motar Dumega ta nufi shagon Illo makaɗi a Dogon Dutsi, don ya ce yau zai faɗa mata magana mai nauyi. Ta tarar da shi tsakanin jita biyu na lantarki, irin masu ƙaton ciki na zamanin da, amma sabuwar ƙira mai araha.

"Saurara," in ji shi, ya kaɗa jar. "Wagga ta hi kyau, sai dai wuyanta na lanƙwashewa in an yi zahi." Ya jawo baƙar. "Wagga ba kyan gani, amma tana jure wahala."

Ta yi murmushi, tana jira.

"Haka na auna ku, ke da ƙanwarki Shamsiyya. Ta hi ki kyau, ke kuwa ba ki da rigima. Ke na zaɓa. In turo magabatana?"

Ta dubi yatsunsa, waɗanda a da take mutuwar kallonsu, sai ta ji ƙyamarsu ta kama ta.

"Ita ma ka neme ta ke nan?"

Ya sosa ƙeya. "To, yaya mutum zai zaɓa bai gwada ba?"

Ta miƙe, ta gyara mayafinta a natse.

"Kada ka turo kowa, Illo. Babanmu dattijo ne, ba na so ya yi amai gaban baƙi."