Mai Girkin Biki da Tsibin Shinkafa

Kai da kake tsammanin lissafi wuri guda yake zaune a cikin kai, gyara zama in ba ka misali. A wata unguwa an yi wata mata mai girkin biki, wadda ko suna ko walima ba a ɗora tukunya sai an kira ta. Ka ce mata baƙi ɗari biyu, kafin ka rufe baki ta faɗa maka mudu nawa za a auna. Ana nan sai hawan jini ya kayar da ita. Allah ya tashi kafaɗunta, ƙafa ta taka, baki ya buɗe, amma abu ɗaya ya ƙi dawowa: a ce mata takwas sau uku, sai ta yi zuru. Likita ya gaya mata ƙwaƙwalwa aikin gayya take yi. Akwai sashen gefen hagu mai riƙe haddar lissafi kamar karatu, akwai na can saman kai ta baya mai kimanta yawa da ƙaranci, na wajen goshi kuma shi ke riƙe lamba har a gama da 'yar'uwarta. Nata na haddar ne ya taɓu. Ta ce to, amma a ranta ta ɗauka lallashi ne kawai, ita kam tata ta ƙare.

Sai ga sunan jikanta na fari. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don abinci ya gaza a gidan mai girkin biki, ai abin faɗi ne har jikokin jikoki. Ta haɗiye girman kai ta kira aminiyarta, wadda ta yi makarantar yaƙi da jahilci, hadda a bakinta kamar ruwa, sai dai ko mutum ashirin ba ta taɓa dafa wa ba. Aminiya ta buga: baƙi ɗari biyu da arba'in, mutum takwas a mudu, talatin ke nan. Aka auna shinkafar aka zube a tabarma. Mai girki ta dubi tsibin, ta zagaya shi, ta ce, "Wannan ba za ta kai ba." Aminiya ta sake bugawa, talatin ɗin dai, har ta fara kumbura. Mai girki kuwa ba ta iya cewa saura nawa, amma idonta ya sha ganin tsibin da ke ƙosar da suna a unguwar nan, ya kuma fi wannan tudu. Can ta hango kwanukan gudummawa jere a gindin bango. Ashe! Kwanon maƙwabci ba ya komawa gida wayam, su kuma ba a sa su cikin baƙi ba. Aminiya ta ƙirga, kwano ashirin da huɗu, kowanne cin mutum biyu, ta ce a ƙaro mudu shida. Da la'asar kwano na ƙarshe ya fita shaƙe, yara na rabon ƙanzo. Mai girki ta zauna bakin murhu ta yi kukan daɗi, ba ta ko ɓoye ba.

To ka gani, da hadda ce kaɗai da an ji kunya, da ido ne kaɗai da an tsaya ana ta jayayya. Abin da matan nan biyu suka yi a tsakar gida, shi ake yi a cikin kanka duk sanda ka yi lissafi. Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.