Jinin Ƙetaren Rafi

IaVarpin ta fasa buai, goron ƙasarsu, da haƙori, ta tsoma tsinken tsiron nan mai yaji da suke kira daka a kambang, farin gari mai ƙuna da ake haɗawa da shi, da hannunta na hagu, ta tauna har bakinta ya yi ja wur. Sannan ta tsartar da yawu daidai inda ma'aikaciyar asibiti ta tsaya ɗazu.

Wai ɗanta ToBurua ya daina cin buai. Wai an ga farin tabo a cikin kumatunsa, irin wanda ba ya goguwa, wanda in an ci gaba da tauna yakan rikiɗe ya zama ciwon daji. Yarinyar har da ƙarin iyayi: ba kowane jini ke jure buai ba, abin gado ne. Wani gida su ci har tsufa lafiya lau, wani gida kuwa ya cinye su.

Wannan ai ba sai an yi karatu ba. Duk yankin Kokopo wa bai san gidan ƙetaren rafi ba? Gidan tsohuwa IaLolo, inda kowa ke tafe da tsumma a baki. 'Ya'yanta maza biyu da rabin muƙamuƙi aka binne su. IaVarpin ko hanya ba ta son haɗawa da su. Tsohuwar kuma ga naci, takan tsaya gaban rumfarta a kasuwa ta zuba mata ido, ba ta saya ba ta tafi ba, sai an kore ta.

"Inna, cewa suka yi in dakata har a sake dubawa," in ji ToBurua, kansa a ƙasa.

"A duba me? Kai ɗan ƙetaren rafi ne? Dubi kakarka. Haƙoranta sun ƙare a buai, bakinta ko ƙurji bai taɓa yi ba. Jininmu ke nan. Ka zauna cikin maza ana miƙa maka buai kana noƙewa kamar sabuwar amarya, so kake a ce na haifi ragon namiji?"

Kakar, IaTarai, tana zaune a bakin ƙofa. Ta girgiza kai. Dama haka take tun IaVarpin na ƙarama, ita ta ci, amma ta riƙa fizge buai daga hannun 'yarta tilo. Tsabar rowa ce kawai, a ganin IaVarpin.

Tun daga ranar ta sa wa ɗanta ido. Kowace safiya ita da kanta ke fasa masa, ta tsaya a kansa har ya tauna. In ya yamutsa fuska don zafin kambang a kan tabon, sai ta yi tsaki. Ita ma akwai wani ɗan kaushi da harshenta ke taɓowa a kumatun dama, ba ta mutu ba.

Da IaLolo ta rasu, IaVarpin ta je jana'iza, ba don tausayi ba. A al'adar ƙauyen, kwandon buai na mamaciya 'yar farinta ake damƙa wa a gaban jama'a, matar nan kuwa an san maza kaɗai ta haifa. So take ta ga wa za su ba, ta samu abin dariya na mako. Ta tafi da tsohuwarta IaTarai, ta kuma tasa ToBurua gaba, ta cusa masa buai a hannu.

"Tauna inda za su gan ka," ta ce. "Su ga bambanci."

Ya tauna. Jan yawun da ya tofar ya fi na kullum duhu.

Wani dattijo ya ɗauko kwandon. Tsohon kwando ne, igiyarsa ta lanƙwashe ta gefe ɗaya, irin riƙon bahaguwa. Ya ratsa 'yan gidan, ya wuce surukai, ya wuce jikoki. IaVarpin tana taɓe baki har ya zo ya durƙusa a gabanta.

Ta waiwaya ta ga wa ake nufi. Babu kowa a bayanta sai IaTarai, hawaye na bin tsufaffin kumatunta.

"Karɓi, naki ne," in ji tsohuwar. "Ni ban taɓa haihuwa ba. IaLolo ce ta ba ni ke kina cikin zanen goyo."