Motsin da ke Cikin Adaka

Malam Tukur, ka ce kana tsoron shiga ƙungiyar masu adana tsofaffin littattafai, wai kada idon baƙo ya faɗa kan gādon gidanku. To, gyara zama ka ji. A wani gari an yi malamai masu littattafan rubutun hannu, suka yi wata al'ada tsakaninsu. Da damina ta ɗauke sai su bi gidajen juna, a kwance gafaka, a shanya takardu a inuwa, a karkaɗe. Wanda ganyen littafinsa ya ɓata sai ya kwafo daga na ɗan'uwansa. Mutum ɗaya ne ya ƙi. Yana da wani littafi da kakansa ya wallafa, duk duniya babu na biyunsa, shi kuwa gani yake kowa ɓarawo ne. Da suka zo ko tabarma bai shimfiɗa musu ba. Ya jefa littafin a adaka, ya jingina ta da bangon ƙasa, ya rataya makulli a wuya.

Ana nan sai idonsa ya fara hazo, har ya rufe ruf. Ya ɓoye wa kowa. Kullum sai ya laluba ya buɗe adakar, ya shafa fatar gafakar, ya ji ta sumul, ya ce alhamdu lillahi. Ran nan da tsakar rana, gida ya yi tsit, sai ya ji wani ɗan motsi a cikin adakar, sur-sur-sur, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Nan take ya gane, don duk wanda ya tashi a ɗakin ƙasa ya san aikin gara. Tsoro ya hana shi kwance igiyar gafakar, kunya ta hana shi kiran mutanen da ya kora. Haka ya yi ta zama yana saurare, abinci ya gagare shi, motsin kuwa kullum ƙaruwa yake. Wallahi ni ko tunawa na yi sai tsigar jikina ta tashi. Ranar da motsin ya tsaya cak, ranar ya aika a kira su.

Suka zo, ba wanda ya yi masa gori. Babbansu, wanda gobara ta taɓa cinye wa ɗaki amma 'yan'uwa suka mayar masa da littattafansa kwafi-kwafi, shi ya kwance gafakar. Jar ƙasa ta zubo a cinyar makahon.

Ya damƙa, ya ce, "Wa ya taɓa kwafar littafin nan a cikinku?"

Ba wanda ya taɓa ko ganin shafinsa na farko.

Malam Tukur, je ka ɗauko makullinka tun idonka na gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.