Wuƙar Da Na Makara Kawowa

Jikata ta miƙo mini waya, wai wasan kora tumaki cikin shinge. Ni da na tsaya aji uku, yau an naɗa ni makiyayin gilashi! Ina dannawa tunkiya ta faɗa rami.

Sai na tuna wata la'asar a Roni. Tunkiyarmu ta ƙarshe ta ci gyauron dawa, cikinta ya kumbura. Baba ya danne ta ya ce, "Ruga kawo wuƙa kafin ta zama mushe." Ina sonta, sai na tafi ina jan ƙafa. Na dawo ta mutu. Ba tunkiya, ba nama. Baba bai dake ni ba, ya dubi wuƙar ya ce, "Mayar."

"Tsoho, danna nan ta tashi," in ji jikar.

Na ce, "Amarya, shekara sittin nake neman wannan madannin."