Guza a Bayan Masallaci

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, wata la'asar, guza ya shiga rami a bayan masallacin unguwarmu a Gidan Sori. Samari suka taru da sanduna, har da liman yana nuna musu inda za su tona. Ni ma ina riƙe da dutse.

Sai ga kakata, Inna Dije, da carbi a hannu. Ta ratsa maza, ta zauna daidai bakin ramin, ta miƙe ƙafafu. Har yau ina jin warin man shanun da ke kanta.

Liman ya ce, "Haba Inna, girmama guza ai al'adar arna ce. Ke da kike salla?"

Ta ce, "Malam, ina salla tun ba a yanke maka cibi ba. Ban ce a yi mishi sujada ba. Shekarar fari kakanmu ya bi sawun guza ya iske ruwa, ya yi alkawarin jininshi ba zai taɓa shi ba. In Musulunci ya ce a ci alkawari, faɗa mini, in tashi."

Liman ya juya, ya ce wa samarin su je su yi alwala. Na saki dutsena a hankali don kada ta gani.

Yau ni ke jan salla a masallacin nan. In baƙo ya tambayi abin da ya sa yara ba sa jifar guza a unguwarmu, sai in gyara zama in ce, "Kakata ce ta hana."