Ciwon Haƙorin Kaka

Karo na biyar ke nan leɓen Auta ya tashi suntum, ba cizon ƙwaro, ba ƙaiƙayi. Yarinyar ta leƙa madubi ta tuntsire da dariya, uwarta kuwa ba ta ga abin dariya ba.

Kaka, uwar mijinta, ta riga ta yanke hukunci: girkin suruka ne. Ai ga shaida, maigidan ma duk wata sai ciki ya murɗe shi kwana biyu. Aka hana Auta ƙwai, aka hana ta gyaɗa, har madara sai da aka kora daga gidan. Kumburi ko a jikinsa.

Ita Kaka ciwo ɗaya ta sani, na haƙori. In ya motsa sai ta naɗe baki da gyale, ta kulle ɗaki kwana uku. In ta fito kuma ga haƙoran nan farare tas, jere reras, ko budurwa albarka.

Likitar yara ta ce tana zargin wani kumburi ne da ake gado, wanda maganin da suke ta ɗura wa Auta ba ya taɓa shi. Allurarsa daban ce, kuma ranar da ya sauka maƙogwaro numfashi zai tare. Ta tambaya ko akwai mai irinsa a dangi.

Uwar Auta ta bi danginta kaf a waya, har da goggon da suka shekara ba sa ga-maciji. Babu. Da ta tambayi Kaka, sai da ta gwammace ba ta buɗe baki ba.

"Mu zuriyarmu ko ƙurji ba ma yi," in ji Kaka.

Ranar Talata da hantsi muryar Auta ta dushe, yawu ya gagari haɗiya. Uwar ta saɓe ta sai asibiti. Likita na cikin sake tambayar gado, aka turo ƙofa. Kaka ce, da bakinta a naɗe, ita da ta kwana biyu a kulle.

Ta kalli jikarta, ta warware gyalen. Leɓenta ya ninka na Auta biyu.

"Yi mata allurar, 'yar nan," ta ce, ta ajiye haƙoranta na roba gaba ɗaya a kan teburin likita.